ZAMBO DA TAWADA: Yadda Turawa Suka Zana Yaƙe-yaƙensu



A watan jiya, bayan an sauko daga Juma'a, wani dattijo cikin 'yan kasuwarmu na Alekzandiriya ya tare ni a bakin ƙofa da takarda a hannunsa. Jikansa ne ya zo da ita daga makarantar boko, an ba su aikin gida a kanta, yaro ya tambayi kakansa, kaka kuwa ya rasa ta cewa. Na karɓa na duba. Zanen hannu ne: wani ƙaton Bature mai sanƙo da gashin baki, riƙe da wuƙa, ga gurasar biki irin wadda su ke kira kek a bisa tebur an rubuta Afirka a jikinta, ga waɗansu Turawa sun kewaye tebur sun zuba ido. Alhaji ya ce, "Malam, wannan kuma wane mahauci ne?" Na ce, "Alhaji, Bismak ke nan, Wazirin Jamus. Amma ka ba ni mako biyu, don labarin wuƙar nan ba a gabanmu ya soma ba. Sai da suka gama wasa ta a wuyan juna kāna suka juyo da ita."

Da na sami ranar da babu karatu, sai na shiga jirgin ƙasa mai shuɗin layi na sauka a tashar Capitol South, na taka zuwa Babban Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. A ginin Madison a ke ajiye zane-zane da taswirori. Tun a 1921 laburaren nan ya sayi dubban irin waɗannan hotuna daga fadar Sarkin Ingila ta Windsor, watau sarakunan da a ke yi wa zambon su ne kuma suka tara shi suka adana. Abin da na gani can, da wanda na tsinta a littattafai, shi zan kawo muku yau.

Da fari, sana'ar kanta. Mu Hausawa ba baƙin zambo ba ne. Maroƙi in ka hana shi, ba zai ambaci sunanka ba, sai ya siffanta tafiyarka da girman cikinka, duk kasuwa ta gane wa a ke nufi. 'Yan kama su kan yi shigar malamai su ja baƙi a kan tuwo da miya, mu da a ke yi dominmu mu yi ta dariya. To, wannan ita ce sana'ar mutanen nan, sai dai su da alƙalami su ke yi, a buga a jarida. Zambon baka iska ke kwashe shi, na takarda kuwa ga shi bayan shekara 200 ina riƙe da katin laburare ina kallonsa.

Mafi shahara cikin tsofaffin shi ne na James Gillray, wanda ya fito a Landan cikin Fabrairu 1805. Duniya ce aka ɗora a akushi kamar malmalar tuwo, tana tururi. Pitt, Firayim Ministan Ingila, dogo siriri, ya soka cokali mai yatsu cikin teku yana yankar rabonsa. Napoliyon na Faransa, ɗan guntu da hula mai gashin jimina wadda ta fi shi girma, ya zare ido yana ɓantare ƙasashen Turai da takobi. Shekara ɗaya ke nan bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, mutanenmu na can suna nasu yaƙin na haɗa ƙasar Hausa a ƙarƙashin tuta guda, ba su san da wani Pitt ba. Tartsatsin wancan yaƙi na Turai har garin nan da mu ke zaune ya iso, gama a watan Agusta 1814 sojan Ingila suka shigo Washintan suka cinna wa ginin Majalisa wuta, littattafan laburaren na farko suka ƙone ƙurmus. Da littattafan Jefferson guda 6,487 aka sāke kafa shi a 1815.

Faransai su suka kai abin ƙololuwa, su ne kuma suka fi shan wuya a kansa. A 1831 aka gurfanar da Charles Philipon, mai jaridar La Caricature, bisa laifin wulakanta Sarki Louis-Philippe. Yana gaban alƙali sai ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu a jere. Na farko fuskar Sarki ce sosai. Na biyu ya yi kama da na farko, na uku ya yi kama da na biyu, na huɗu kuwa ya zama wani ɗan itace nasu mai tsukakken kai da faɗin gindi kamar gora. Hujjarsa ita ce, in kama laifi ce, to sai a ɗaure mai sayar da 'ya'yan itace ma. Ba ta fisshe shi ba, an yanke masa wata shida da tara. Amma kafin a ce haka, yaran Faris sun cika bangayen gari da hoton ɗan itacen nan, ba mai iya kama su. Yaronsa Honoré Daumier, wanda a ke faɗin sunansa Domiye, shi ma ya yi wata shida a kurkuku a 1832, domin ya zana Sarki da ƙaton tumbi a kan kujera, ana ɗura masa kuɗin talakawa ta baki, takardun muƙami suna fita ta ƙasa. A 1835 aka kafa doka cewa ba zanen da zai fita sai hukuma ta gani ta yarda.

Wani abu ya ba ni sha'awa game da Daumier, ni mai wanke allo kullum. Ba a takarda ya ke zanensa ba, a kan falalen dutse ne mai santsi, da alli mai maiƙo. A jiƙa dutsen, a shafa tawada, ta kama inda maiƙo ya ke ta bar inda ruwa ya ke, sa'an nan a danna takarda a kai. In an gama bugu sai a goge dutsen a sāke wani zanen. Ta haka ya yi kusan 4,000 a rayuwarsa. Da yawa cikinsu suna nan a babban gidan zane-zane na ƙasa da ke kan filin Mall, inda shiga kyauta ne.

Yanzu ga wanda na fi so 'yan kasuwa su ji. Bayan an gama da Napoliyon a 1815, babu wata ƙasa guda mai suna Jamus. Ƙasashe ne 39, manya da ƙanana, kowace da sarkinta ko majalisar garinta, da ma'auninta, da shingenta na kwastan. Ɗan kasuwa in ya ɗauko kaya daga teku zuwa kudu, sai ya yi ta kwance lalita a hanya har riba ta ƙare. Akwai wani zane da Jamusawa suka yi wa kansu a kan haka. Mai keken doki ne ya zo da dogon keke a iyakar wata 'yar mitsitsiyar ƙasa mai suna Lippe, ma'aikacin kwastan ya tsai da shi. Sai ya nuna masa cewa ba shi da abin biya: kayan da ke baya ba su shigo ƙasar ba tukuna, tsakiyar keke ba kome, kayan da ke gaba kuwa sun riga sun fita ta ɗaya iyakar. Da na ba Alhaji wannan labari sai da ya share hawaye don dariya, ya ce ashe Bature ma ya san ciwon shinge.

Ya sani ƙwarai. Ran 1 ga Janairu 1834 Furusiya, wadda ita ce babbar ƙasar arewacin Jamus, ta haɗa da yawa daga ƙasashen nan cikin ƙungiyar kwastan guda, aka tumɓuke shingayen da ke tsakaninsu. Watau aljihu ya riga tuta haɗuwa da shekara 37. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Sauran aikin Bismak ya ƙarasa shi da igwa. Ya zama babban wazirin Furusiya a 1862, ya kuwa faɗa wa majalisa ƙiri-ƙiri cewa ba da jawabi da ƙuri'a za a warware manyan al'amuran zamani ba, sai da ƙarfe da jini. Ya yaƙi Danmak a 1864, ya yaƙi Ostiriya a 1866 ya gama da ita cikin mako bakwai, ya yaƙi Faransa a 1870. Jaridar barkwanci ta Barlin, Kladderadatsch, tana da mai zane Wilhelm Scholz, shi ya laƙaba wa Bismak gashi sili uku a tsakiyar sanƙo. Abin ya bi shi har ya zama ko ba a zana fuska ba, in an ga ƙoƙon kai da sili uku an san mai shi. Amma irin wannan zambo na gida ne, mai ƙara wa mutum kwarjini, kamar yadda tabashi kan tsokani ɗan sarki a gaban jama'a ba wanda ya ji haushi.

Na Daumier ba na wasa ba ne. Abin da ya ba Furusiya galaba a 1866, har da wata sabuwar bindiga da a ke kira mai allura. Ta gindi a ke ɗura mata harsashi, soja yana kwance rub da ciki ya ɗura ya harba sau da yawa, alhali na Ostiriya sai ya miƙe tsaye ya yi ɗuri ta baki kamar mai adaka. A ƙarshen shekarar Daumier ya zana mafarkin wanda ya ƙago bindigar: ga shi tsaye yana murmushin jin daɗi, ga fili iyakar ganin ido shimfiɗe da gawawwaki. Ya kuma zana duniya an tokare ta a kan tsinin bayoneti, da sunan wai daidaiton Turai ke nan. A 1870 ya zana haɗin kan Jamus a siffar ƙaton dutsen daɓe yana birgima a kan mutanen ƙananan ƙasashen kudu, yana lallatsa su su zama shimfiɗa guda. Ba wanda zai kalli waɗannan ya yi dariya. Na ajiye littafin na daɗe ban buɗe wani shafi ba.

Ga wani abin mamaki da ban sani ba sai a wannan bincike. Cikin watan Yuli 1870, watan da Faransa da Furusiya suka shiga yaƙi, wani likita Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal ya isa Kukawa da kyautar Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno. Cikin kayan akwai karagar mulki mai ruwan zinariya, da hotunan Sarki da matarsa da yarima, da kuma bindigogin nan masu allura. Nachtigal ya ba da labari cewa kafin a kwance kaya jita-jita ta riga ta gama gari wai gumaka aka kawo, amma da Shehu ya duba ya ga zane ne a shafe, ba shi da inuwa, sai hankalinsa ya kwanta. Na kawo wannan ne saboda waɗanda za su tambaye ni yaya malamin allo ya ke kallon hotuna. Ku riƙe sunan likitan nan shi ma.

Na Italiya ba zan daɗe a kansa ba. Wanda ya dubi taswira ya san ƙasar siffar takalmin sau-ciki gare ta, dogo har gwiwa, saboda haka masu zane ba su sha wahalar neman misali ba. Ita ma a rarrabe ta ke, Ostiriya na riƙe da arewa, Fafaroma na riƙe da tsakiya, wani gidan sarauta na riƙe da kudu. A yaƙin Solferino, ran 24 ga Yuni 1859, matattu da masu rauni sun kusa 40,000 a yini guda, kuma ganin yadda aka bar su yashe ne ya sa Henri Dunant ya yi ta kira har aka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863. A watan Mayu 1860 Garibaldi ya sauka tsibirin Sisili da mutum kimanin 1,000 masu jajayen riguna, ya ci kudu duka, sa'an nan ya miƙa wa Sarki Victor Emmanuel. Jaridar Punch ta Landan ta buga zanen John Tenniel a Nuwamba ta shekarar: Garibaldi durƙushe yana taimakon Sarki ya cusa ƙafa cikin takalmin, yana ba shi shawara in ya ƙi shiga a ƙara barbaɗa gari. Wasan yana cikin kalmar, don a Turanci sunan hodar da a ke zuba wa takalmi da sunan albarushi ɗaya ne. An kuwa ƙara albarushin, gama bayan an naɗa Sarkin Italiya a Maris 1861 sai da sojansa suka yi shekaru suna yaƙi da mutanen kudu, daga baya kuma talauci ya koro miliyoyinsu zuwa Amurka. Wannan ɓangare Punch ba ta damu da shi ba, Ingilishi na son Garibaldi a lokacin.

Mutumin nan yana da alaƙa da inda mu ke. Ya yi zaman gudun hijira a Niyu Yok wajen 1850 yana aikin kyandir, kamar yadda da yawa cikinmu suka fara da aikin da ba nasu ba. A 1861 gwamnatin Lincoln ta yi masa tayin janar, ya ce sai in za a ba shi jagorancin rundunar duka, a kuma bayyana cewa don 'yanta bayi a ke yaƙin, magana ta mutu a nan. Italiyawan Washintan sun ba Majalisa sassaƙen kansa a 1888, yana cikin ginin har yanzu. Cikin masu zanen da suka bi rundunarsa a 1860 kuma akwai wani saurayi haifaffen Jamus, Thomas Nast, wanda daga baya ya ba jam'iyyar Rifablikan giwar da ku ke gani duk lokacin zaɓe.

A sashen taswirori akwai wata da aka buga a Bostan a 1870, kwafin ta wani Bafaranshe Paul Hadol. Kowace ƙasa an mai da ita mutum gwargwadon siffarta. Ingila tsohuwa ce mai fushi ta juya baya, tana jan Ailan da igiya kamar kare. Sifen na kishingiɗe a kan Fotugal tana busa taba. Furusiya ƙaton soja ne mai hular ƙarfe mai tsini, ya ɗora hannu a kan Holan, ya danne Ostiriya da gwiwa. Rasha dodo ne mai kwando yana neman abin cikawa. Daular Usmaniyya kuwa, wadda kakanninmu ke kira ta Sarkin Istambul, an raba ta biyu, rabin Turai na hamma, rabin Asiya na kwance da lofe. Faransa kaɗai aka zana da mutunci, tana tunkuɗe Furusiya da takobi. Mai zanen ai Bafaranshe ne.

Wannan shi ne aibin sana'ar, kuma wajibi ne a faɗe shi. Muddin mai zane na tsokanar sarkin garinsu, yana iya shiga kurkuku, to jarumi ne. Da an buga tambarin yaƙi kuwa, sai yawancinsu su koma maroƙan fada, su zana mutanen ƙetare kamar dabbobi don saurayi ya ji sauƙin harbinsu. A yaƙin 1870 Faransa ta kawo sojoji Musulmi daga Aljeriya, waɗanda a ke kira Turko, ta sa su a gaba a Wissembourg da Wörth cikin watan Agusta, suka mutu da yawa. Jaridun Jamus suka yi ta zana su a siffar namun daji. Su ba ƙasarsu a ke haɗawa ba, ba kuma tasu a ke tsarewa ba.

Ƙarshen yaƙin sananne ne. A Sedan, farkon Satumba 1870, aka kama Napoliyon na Uku da soja kimanin 100,000. Aka yi wa Faris ƙawanya wata huɗu har mutane suka ci dawaki da ɓeraye da giwayen gidan namun daji. Ran 18 ga Janairu 1871, a cikin fadar sarakunan Faransa ta Versailles, aka naɗa Sarkin Furusiya ya zama Sarkin Sarakunan Jamus. Aka ƙwace lardunan Alsace da Lorraine, aka ɗora wa Faransa tarar faran biliyan 5. Rum kuwa ta faɗa hannun Italiya ran 20 ga Satumba 1870, da ya ke sojan Faransa da ke gadin Fafaroma sun koma gida. Daumier ya zana sabuwar shekarar 1871 a siffar mace cikin baƙin lulluɓi, ta rufe fuska don tsoron gadon da aka bar mata.

To, mun iso ga takardar Alhaji. Shekara 13 bayan naɗin Versailles, Bismak ya kira taro a Barlin, daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885. Ƙasashe 14 suka zauna, har da Amurka da Daular Usmaniyya, babu ɗan Afirka ko ɗaya. Zanen kek ɗin wani Bafaranshe ne mai sa hannu da sunan Draner ya yi shi, ana cikin taron. Amma na gaya wa yaron ya rubuta wa malaminsa cewa zanen ya faɗi gaskiya ya kuma yi ƙari, kamar kowane zambo. Ba a teburin nan aka ja iyakokinmu ba. Abin da aka yi shi ne shirya ƙa'idar wawaso: maganar Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwara, da cewa wanda ya kama wani wuri a bakin teku ya sanar da sauran. Yankan kansa a hankali aka yi shi, ƙasa biyu-biyu, cikin shekaru 20 da suka biyo baya. Ni a ganina wannan ya fi na hoton muni, don mai yankan kek ko ba kome yana ganin abin da ya ke yankawa. Lord Salisbury na Ingila da bakinsa ya yi wa abin ba'a a 1890, cewa suna ta ba juna duwatsu da koguna, abin da ya ɗan dame su kawai shi ne ba su san inda duwatsun da kogunan su ke ba.

Ga yadda wuƙar ta bi ta kanmu. Likitan nan da ya kai wa Shehun Barno kyauta, shi ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a Yuli 1884. A 1885 Ingilishi suka tura Joseph Thomson da gaggawa zuwa Sakkwato da Gwandu don ya riga Jamusawa samun takardar alkawari. A Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, har Maraɗi ta tsaya a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila. Adamawa aka bar wa Ingilishi Yola, aka ba Jamus yawancin ƙasar Lamiɗo. A Gwanja kuwa, inda kakannin da yawa cikin masu karatun nan suka yi fataucin goro, an fara ajiye Salaga da Yendi a matsayin yankin ba-ruwan-kowa a 1888. Jamusawa suka karya Dagwamba a Adibo cikin Disamba 1896, sa'an nan a 1899 aka tsaga yankin, Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus, aka raba Ya Na da rabin talakawansa.

Ba na cewa dā can hanyar goro kyauta ta ke. Madugu ya kan biya fito a kogi, ya biya sarakunan Bargu da na sauran ƙasashen da ayari ke ratsawa, wani lokaci ma a far musu. Amma wannan ciniki ne da a ke yi baki da baki, madugu ya san wanda zai gani da abin da zai bayar. Abin da ya zo daga baya layi ne wanda ba a roƙonsa. Kuma mutanen da suka yi dariyar keken Lippe, suka tumɓuke shingayensu a 1834 don sun ga talaucin da ke ciki, jikokinsu ne suka zo suka kakkafa mana irinsu. Jamus ta rasa Togo tun 1914, Kete-Karaci ta koma cikin Gana bayan ƙuri'ar 1956, amma sauran shingayen suna nan. Mai ɗauko kaya daga Kumasi zuwa Legas ta bakin teku sai ya ƙetare iyaka uku, ta Togo da ta Benin da ta Nijeriya. An kafa ECOWAS a 1975 don a sassauta wannan, duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Waɗanda kayansu suka ruɓe a Seme sun fi ni sanin bayanin.

Kada kuma a ce mu ba mu ce kome ba sa'ad da a ke yi. Ba mu da jaridar zane, amma muna da tawada. Malam Umaru na Karaci, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tashe ta, ya koma Kete-Karaci a ƙarƙashin Jamusawa, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da kuma Hausa cikin ajami a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 1934. Jikan Alhaji ya san hoton Draner don yana cikin littafin makaranta, bai taɓa jin sunan Malam Umaru ba, ga shi kuwa kakan kakansa a Salaga aka binne shi. Laifin wannan ba na makarantar boko ba ne ita kaɗai, da ni a ciki.

Shi Bismak, ƙarshensa ma zane ne. Sabon Sarki, Wilhelm na Biyu, ya sallame shi a Maris 1890, sai Tenniel ya zana shi cikin kayan matuƙin jirgin ruwa yana saukowa ta tsani a hankali, saurayin Sarki ya jingina a bisa jirgi yana kallonsa. Ba sili uku, ba wuƙa, dattijo ne kawai aka kora daga aiki. Wata biyar bayan haka aka ja layin Sayi.

Wanda ke son ganin abubuwan nan da idonsa, katin karatu na laburaren kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 16, sai dai a tafi da katin shaida mai hoto, kuma ba a buɗewa ran Lahadi. Zanen Gillray da taswirar 1870 suna shafin laburaren na intanet, yaranku za su buɗe muku a waya. In kun je, ku tambayi rubutun Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka sayar bawa a Karolina, wanda ya rubuta tarihin kansa da Larabci a 1831, shi ma yana hannunsu. Hannunsa irin na allonmu ne, duk wanda ya yi makarantar zaure zai iya bin sa da yatsa. A kansa za mu yi magana a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Na mayar wa Alhaji takardarsa ran Juma'ar da ta wuce. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a kwafo masa na mai keken dokin, babba, zai manna a shago kusa da inda ya ke ajiye takardun kwastan.